Gayya da Fasfo

Na dawo Rafindaɗi ranar Laraba
da jaka ɗaya da tabarmar roba a hammata.
Gwaggo Yahanasu ta shafa ta, ta shinshina,
ta ce, "Wannan ta salla ce ko ta kwanciya?"
Na ce, "Ta numfashi ce."
Ta taɓa goshina, ko zazzaɓi ne ke tasowa.

Gidan yana kan tudu, can ƙasar Nepal,
matakala ɗari da tara, gwiwata ce ta ƙirga.
Mu goma sha huɗu, harshe takwas,
bokiti biyu, famfo ɗaya mai tari.
Ƙarfe biyar suke kaɗa ƙararrawar yoga.
Ni nakan riga ta: alwala da ruwa mai cizo,
in kai Asuba, in iske su suna shimfiɗawa.

Ranar farko na ce wa uwar gidan, tsohuwa Kamala,
"Goshina yana da Mai shi, ba ya sunkuya wa rana."
Ta ce, "Bar rana inda take.
Kafaɗunki nake so ki sauke,
kin ɗauko su har kunne tun daga garinku."
Na sauke.
Wani abu ya yi ƙas a bayan wuyana,
abin da na shekara tara a asibiti ina tarawa.

Na je da takardar jinya a cikin leda,
ina zaton allura za su miƙo mini.
Tsintsiya suka miƙo.
Shinkafa da romon wake, safe da yamma, ba nama.
Yajin da na ɓoye a safa bai kai wata ba,
Bajamushen ɗakin girki ya gano shi,
yana hawaye yana ƙarawa.

Da hantsi sai in gangara gun wani tsoho,
sunansa ya fi ƙarfin bakina, na sa masa Baba Tudu.
Farcen ƙafarsa ya murɗe kamar ƙahon rago.
Ruwan ɗumi, gishiri, almakashi, haƙuri.
Ba ya jin tawa, ba na jin tasa.
In ya ji zafi sai ya ja gyalena,
in ya ji daɗi sai ya hau gyangyaɗawa.

Duk na kwashe na gaya wa Gwaggo
tana tsintar shinkafa.
Ta ce, "Kuɗin jirgin nawa?" Na faɗa.
Ta ajiye faifai.
"Sahura, ai gayya kika je.
Gayya da fasfo!
Mu da muka yaɓe soron Nalado a kan fura kwano biyu.
Ga shi can bayan katanga,
tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara
ba wanda ya ga ƙafarsa sai ƙuda masu wucewa."

Alhamis na yi sallama da butar ruwan ɗumi.
Shi wannan yana jin tawa sarai.
Ya tuna na sace masa gwanda ina 'yar bakwai,
ya tuna bashin da babana ya mutu bai biya ba,
ya ce hannuna ya fi na matarsa sanyi,
ya ce wa ya aiko ni.
Baba Tudu bai taɓa sanin laifina ba.
Na sunkuya a kan babban yatsa, na ja numfashi,
na ƙirga huɗu kafin in saki.
Da zan fita ya ce wa bango, "Litinin ma ina nan,
ba inda nake zuwa."

Yanzu bayan Asuba mu huɗu ne a tsakar gida,
ni da Lantana mai awara da 'yan biyun Tasalla,
uku a tabarmar kaba, ta robar muna karɓa-karɓa.
Lantana takan faɗi, mu yi dariya har kaji su watse.
Gwaggo ta ce ita ba ruwanta da shirme,
tana kan turmi, carbi a hannu, ta ba mu baya.
Jiya dai da na ce, "Ku saki,"
na ga kafaɗunta suna saukowa.